Ƙofar Gida Ko Hanyar Jama'a? Taƙaddamar Ajiye Motoci A Layukan Kano

Masu iya magana sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. A 'yan shekarun nan, ɗaya daga cikin abubuwan da ke gaskata wannan magana a sababbin unguwannin Kano shi ne batun ajiye mota a bakin layi. Duk wanda ya ratsa Tarauni ko Hotoro ko Rijiyar Zaki zai ga duwatsu da tsofaffin tayoyi an jera a ƙofar gidaje, wani wurin ma har da sarƙa da kwaɗo. A wasu layukan kwamitin unguwa ne ke kafa ƙa'idar cewa kada mota ta kwana a waje, ko kada baƙo ya ajiye sai da izini. Da zarar an yi haka sai layi ya rabu gida biyu, maƙwabtan da suka shekara ashirin suna gaisawa su koma kallon hadarin kaji.

Masu son a taƙaita suna da hujja. Suna cewa mutum kan fito da asuba da mara lafiya ya tarar an tare masa ƙofa, mai motar kuwa ba a san inda ya shiga ba. Suna kuma kawo batun tsaro, domin motar da ba a san mai ita ba abar tsoro ce a garin da ya ga abin da ya gani a watan Janairun 2012. Masu adawa su ma ba su rasa ta cewa ba. Akasarinsu 'yan haya ne da masu ƙananan gidaje marasa gareji, kuma a ganinsu masu manyan farfajiya ne ke yin ƙa'idar da ba za ta taɓa shafarsu ba. Sukan tambaya: ranar suna ko zaman makoki, ina baƙi za su tsaya?

A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin wani ɓangare na rikicin yana cikin bakinmu. Ɗan harafin nan da ke haɗa suna da mai shi a Hausa ba ya rarrabe mallaka da dangantaka. Mukan ce "rigata", mu kuma ce "garinmu". Riga mallaka ce, ana iya sayar da ita ko a kyautar. Gari kuwa dangantaka ce kawai. To idan magidanci ya ce "ƙofar gidana", wanne yake nufi? A al'ada ƙofar gida fili ne na mutunci: nan dakali yake, nan ake shimfiɗa tabarma, nan ake ɗaurin aure. Maigida ne ke share ta, shi ke da girmanta, amma bai taɓa hana mai wucewa ko mai neman inuwa ba. Zuwan mota ne ya sa muka fara jin wannan "-na" da ma'anar "rigata".

Doka ba ta goyi bayan wannan fahimta ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, takardar mallakar da ake bai wa mutum kuma iyakarta fulotinsa. Abin da ke bayan katanga hanya ce ta kowa. Ke nan mai jera duwatsu ya ci hanya, haka shi ma wanda ya mayar da bakin layi garejin dindindin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Me ya sa abin ya tsananta yanzu? Na farko, gidajen zama da yawa sun rikiɗe sun zama makarantu masu zaman kansu da asibitoci da wuraren biki, ba tare da an tanadi wurin ajiye mota ba. Na biyu, magidanta da dama sun fasa garejinsu sun yi shaguna, motar ta koma waje. Na uku, tun da aka hana acaɓa a Kano a watan Janairun 2013, A Daidaita Sahu suka yawaita, da yawansu kuma a layi suke kwana. Lissafin a fili yake. Faɗin ƙaramar mota ya kai kimanin mita 1.8. A layi mai faɗin mita 6, idan aka ajiye hagu da dama, abin da ya rage mita 2.4 ne, alhali motar kashe gobara kan kai mita 2.5. Ratar da ke tsakani ba ta fi tafin hannu ba, amma tana iya zama ratar da ke tsakanin rai da ajali.

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. A Arlington da ke daura da birnin Washington na Amurka, ma'aikatan ofisoshi sun riƙa cika wata unguwa da motocinsu, sai ƙaramar hukuma ta keɓe wa mazauna wurin da wasu baƙinsu takardar izini. Waɗanda aka hana suka kai ƙara, a 1977 kuma Kotun Ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da tsarin. A Abuja akasin haka aka gani: a 2014 babbar kotun birnin tarayya ta soke tsarin biyan kuɗin ajiye mota a bakin titi saboda babu dokar da ta kafa shi. Japan kuwa tun 1962 ta tari abin daga tushe, inda a biranenta sai mutum ya nuna shaidar wurin ajiyewa kafin a yi wa motarsa rajista. Darasin guda ne: taƙaitawa halal ce, amma sai ta fito daga hukuma mai hurumi, bisa rubutacciyar doka da ta hau kan kowa.

Saboda haka shawarata ita ce a bar gardamar "a hana" ko "kada a hana", a koma kan tsari. Mai unguwa ya tara kowa, har da 'yan haya, domin su ma a nan suke kwana. A fara amincewa da abin da ba ya karɓar jayayya: ba a tare ƙofar shiga, ba a ajiyewa a kan kwana, kuma a ƙuntataccen layi gefe ɗaya kawai za a yi amfani da shi, ana musanyawa wata-wata don kada nauyin ya faɗa kan wasu. A yi sassauci ranar biki da rasuwa. Sannan a kai yarjejeniyar ga ƙaramar hukuma da KAROTA, wadda aka kafa a 2012, su sa hannu su kafa alama, a kwashe duwatsu da tayoyi. Ita kuma hukumar tsara birni ta KNUPDA ta daina amincewa da mayar da gida makaranta ko wurin biki sai an nuna inda motoci za su tsaya.

Ga 'yan uwana ma'aikata masu mota biyu ko uku, mu ne ya kamata mu fara, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mota takan tsufa a sayar, maƙwabci kuwa shi ne zai fara kawo guga ranar gobara, shi ne kuma zai kama makara. Allah Ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin juna, amin.