Mai Mota Da Motarsa: Man Birki Ma Yana Tsufa

Cikin dukan man da mota take sha, babu wanda ake wulakantawa kamar man birki. Magidanci yakan tuna ranar da ya juye baƙin mai, ya san kuɗin fetur har kwabo, amma in aka tambaye shi yaushe rabon da a sake man birkin motar da yake ɗaukar iyalinsa a ciki, sai ya ce ai bai ragu ba. To, man birki kuwa yakan lalace alhali kofinsa yana cike maƙil.

Yadda abin yake shi ne, idan direba ya taka birki, masta ce take tura man ta cikin bututu zuwa ƙafafun motar huɗu, shi kuma ya matse takalman birki a jikin ƙarfen da ke juyawa. Wannan yana yiwuwa ne domin mai ba ya matsuwa. Duk ƙarfin da aka sa masa a nan sai ya kai shi can. Tururi kuwa yana matsuwa kamar soso.

Man da galibin motoci ke aiki da shi, watau mai lamba DOT 3 ko DOT 4 a jikin gwangwani, halinsa ɗaya da gishiri a damina: zuƙar laima daga iska. Sannu a hankali yake shanta, ta murfin kofi da ta tiyon roba, ko da motar tana ajiye ba a hawa. Bisa ma'aunin Ma'aikatar Sufuri ta Amurka, wadda daga sunanta aka samo haruffan nan uku, sabon DOT 3 ba zai tafasa ba sai zafi ya kai digiri 205, DOT 4 kuwa 230. Amma da zarar ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsa, abin da ma'aunin ya lamunta ya sauko zuwa 140 da 155. Motar da ke zaune a Ikko ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da danshi kusan duk shekara, ta fi ta Sakkwato saurin kai wa wannan hali.

A cikin gari ba a gane komai. Daga gida zuwa ofis, daga makarantar yara zuwa kasuwa, birki ba ya yin zafin da zai tona asiri. Sai ranar da aka yi haramar tafiya gida Salla, an cika but da kaya, uwargida da yara sun cika kujeru, aka zo gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga. Direba ya ɗora ƙafa bisa birki bai ɗaga ba, ƙarfe ya yi zafi, zafin ya kai ga mai, man ya tafasa, bututu ya cika da tururi. Nan take sai ya ji birki ya tafi ƙasa salin-alin, mota kuwa tana ƙara gudu. Wanda Allah ya kuɓutar, in ya tsaya rabin sa'a ƙarfe ya huce, sai birkin ya dawo garau kamar ba a yi ba. Bakanike ya taka ya ce lafiya lau. Wannan yaudara ita ta fi kome haɗari, gama tsohon man yana nan, gangara ma tana nan.

Saboda haka ne yawancin masu ƙera motoci suke cewa a juye shi duk shekara 2, ko an yi tafiya ko ba a yi ba. Wanda ya sayi tokumbo bai san tarihinta ba, ya kamata ya fara da wannan tun kafin ya sa mata sabuwar rediyo. Sabon mai fari ne tas, da ɗan ruwan ɗorawa. In ya koma kamar baƙin shayi ya daɗe da wuce lokacinsa, ko da yake launi kaɗai ba ya nuna yawan ruwan da ya sha.

Ƙari dabam, juyewa dabam. Man da ke cikin kofi yakan sauka kaɗan yayin da takalman birki ke cinyewa, wannan ba laifi. In kuwa kullum sai an ƙara, lalle akwai inda yake yoyo, kuma mai ƙarawa ɓoye cuta kawai yake yi. Juyewa ta gaskiya sai an kwance ɗan notin da ke kowace ƙafa, galibi a fara da wadda ta fi nisa da masta, ana zuba sabo a sama ana fitar da tsoho a ƙasa har sai mai tsabta ya fito babu kumfa. Kada a bar kofin ya ƙafe ana cikin aiki, in ba haka ba iska ta shiga, a koma farko. Ya kyautu mai mota ya tsaya a kan aikin, domin akwai masu zuƙe na cikin kofi kawai su cika da sabo, su karɓi kuɗin aiki duka.

Lambar da ta dace tana rubuce bisa murfin kofin. DOT 5 jinsinsa dabam ne, ba a gauraya shi da sauran. Baƙin mai ko man giya kuwa, ko kaɗan ne ya shiga, sai robobin birki su kumbura su lalace. Ruwan Omo da wasu direbobi ke ɗurawa in sun maƙale a daji, a digiri 100 ko kusa da haka yake tafasa, ga tsatsa da yake bari a bututu. A sayi gwangwani rufaffe, kada a karɓi na awo a kwalba, kada kuma a ajiye ragowa don baɗi. In ya ɗiga a jikin mota a wanke da ruwa maza, yana cin fenti.

A gangara kuwa, ko man jiya aka zuba, a sa giya ta biyu tun daga sama, a bar inji ya riƙe motar.