Yaron daji da mai riƙe da alƙalami

A kan iyakar Barazil da Benezuwela, cikin kurmin Amazon, akwai al'ummar da ake kira Yanomami. Gari guda kan zauna a gida ɗaya, zagayayye, tsakiyarsa a buɗe, kowane iyali da murhunsa da ragar kwanansa. Suna noman ayaba da rogo, suna farauta, suna su. Yaro tun yana ƙarami yake rataye da ɗan bakansa, yana koyon harbi a kan ƙadangaru. Yarinya kuwa tana bin uwarta rafi kamun ƙaguwa, ga ƙane a kwiɓi. Wannan rayuwa ta daɗe tana jan hankalin masu rubuta wa yaran Turai da Amurka labaran kasada. Sai dai sau da yawa gwarzon labarin baƙo ne, ɗan birni da ya ɓata a kurmi. Ɗan gida yakan fito ne ya nuna masa hanya, ya cece shi daga maciji, daga nan sai labari ya manta da shi.

Wani zai ce ai tatsuniya ce, me ta ci, me ta sha? Tarihin mutanen nan ya nuna cewa sunan da baƙo ya laƙa maka yana iya cin ƙasarka. A 1968 wani masani Ba'amurke, Napoleon Chagnon, ya fitar da littafin da ya kira su mafaɗatan mutane, aka yi ta karantar da shi a jami'o'i. Da masu haƙar zinariya wajen dubu 40 suka kwarara cikin kurminsu daga 1987, ɗauke da zazzaɓin cizon sauro da gubar da ke lalata ruwa, masanan Barazil sun koka cewa ana fakewa da wancan suna don a rage musu ƙasa. A 1989 kuwa gwamnatin Barazil ta yayyanka ta gida 19. Mutanen jihar Maradi da suka ga yadda ramin zinariya ya rufta da mutane a Ɗan Isa a Nuwambar 2021 ba sa bukatar dogon bayani kan wannan ƙarfe.

Abin da ya juya lamarin shi ne bakin ɗan gida. Davi Kopenawa, wanda ƙyanda ta kashe mahaifiyarsa yana yaro, ya zaga duniya yana faɗin abin da idonsa ya gani. Da goyon bayan masu kare haƙƙinsu, a 1992 aka shata musu yanki guda mai faɗin murabba'in kilomita dubu 96, ya ninka jihar Maradi sau biyu har da ɗoriya. Wahala ba ta ƙare ba, don a 1993 an kashe musu mutum 16 a Haximu, a Janairun 2023 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiyarsu. Amma yanzu suna da littafinsu. Kopenawa ya zauna da amininsa Bruce Albert yana magana da harshensa, aka fitar da littafin a 2010. A cikinsa kurmi gida ne, kowace bishiya da sunanta.

To, yaron Korahane a ƙasar Dakoro fa, wa ke ba da nasa labarin? Galibi rahoton ƙungiyoyin agaji ne, da hoton yunwar 2005. Alhali ranarsa guda cike take da abin da zai hana mai karatu ajiye littafi. Ku dubi ɗan shekara goma a bakin rijiya da rani, yana kora jaki da igiyar guga har sai ya yi nisa, kunnensa na jiran kiran babban wansa daga baki cewa ruwa ya iso. Ko ranar da akuya ta ɓace da magariba, ya bi sawunta cikin ƙarangiya, dila na kuka a nesa, bai da abin gane hanya sai wani tsohon gawo. Ko yarinyar da kakarta ke koya mata jiƙa ƴaƴan anza, a zubar da ruwa a sake, har ɗaci ya fita a samu abin ci. Ga kuma raƙuman dawa takwas da aka kawo gandun Gadabeji daga Kure a 2018, waɗanda kakanni suka sani, jikoki ba su taɓa gani ba.

Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce na Abubakar Imam taska ne, amma fada da birni suka fi nunawa. Tunda a Maris ɗin 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, lakwal za ta bukaci abin karantawa, kuma malaman Dakoro su ne mafi kusa da wannan arziki na labaran karkara. Su sa yara su faɗa, su rubuta, a bar sunan aduwa da magariya da jiga yadda suke.

Abin da ya fi damuna shi ne kada marubuci Bahaushe ya yi wa maƙwabcinsa abin da aka yi wa Yanomami. A ƙasar Dakoro manomi da makiyayi suna shan rijiya ɗaya. Idan ɗan Fulani ya fito a littafinmu kullum a matsayin mai ɓarnar gona, Buzu kuma mai takobi kawai, mun shuka wa yaro abin da zai girma da shi. Ba a manta Toda ba, inda a Oktoban 1991 aka kashe Fulani fiye da ɗari. Ina so in ga littafin da ɗan makiyayi ne ke magana a babi guda, yana bayyana yadda burtali ya tsuke har shanu suka rasa mabi, a babi na gaba kuma ƴar manomi ta faɗi yadda suka wayi gari hatsinsu a tattake, sa'an nan su biyun su fita neman maraƙin da ya ɓata a kwarin Tarka.