Gargaɗi Ga Masu Kallon Faɗan Barorin Jirgin Ruwa

 Ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da na gani da idona, ba wani ya ba ni labari ba.

Ran nan da dare na bi ta wurin mai shayi a Batsari, na iske samari sun yi gungu bisa waya guda, suna dariya har da buga ƙafa. Na ce mi a ke kallo? Suka ce wani wasa ne na Amurka, sunansa Below Deck, watau ƙarƙashin daɓen jirgi inda barori su ke kwana. Na zauna na kalla, daga baya kuma na bi diddiginsa, domin kada in zargi abin da ban sani ba.

Ga bayaninsa. Tashar talabijin mai suna Bravo ta fara nuna shi cikin shekarar 2013. A kan sami jirgin ruwa na alfarma, attajirai su yi hayarsa kwana biyu ko uku, su ci su sha, su tafi, waɗansu su zo, har kamar mako shida. Bisa kowa akwai kyaftin. Ƙarƙashinsa akwai shugaban masu aikin waje, masu jan igiya da wanke jirgi, da shugabar masu hidimar ciki, masu shimfiɗa da wanki da kai abinci, sa'an nan ga kuku. An kafa kyamara ko'ina, har cikin ɗan ƙuƙumin ɗakin da su ke kwana gado bisa gado. Abin da a ke sayar wa mai kallo shi ne faɗansu: shugaba ta tsani ta ƙarƙashinta, kuku ya yi fushi, wancan ya kai tsegumin wannan wurin kyaftin, a kori wani.

To, abin da ni ke cewa, wanga kallo ba shi da kyau ga mutum mai hankali. An tara mutane wuri mai ƙunci, aiki ya hana su barci, baƙi suna tafiya a kai su mashaya, sa'an nan a tsaya da kyamara a jira. Masu yankan hoto kuwa su zubar da sa'o'in da aka yi ana aiki lafiya, su tsince zagi da kuka su jera mana. Tasha ta kwashi kuɗin talla, bara ya koma gida da baƙin jinin da zai bi shi shekaru. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan wani ya ce, ai da yardarsu suka shiga, kuma ana biyansu, sai in ce gaskiyarka. Amma wagga magana taka ita ce za ta kama mu, zama barorin nan da mu ke wa dariya suna da abu uku waɗanda namu ba su da ko ɗaya.

Na fari, idan baƙi za su sauka su kan miƙa wa kyaftin tukuici cikin ambulan, sau da yawa ya kan haura dala 15,000. Kyaftin ya tara ma'aikata, ya faɗi adadin a gaban kowa, a raba daidai wa daida, mai wanke bayan gida da kuku rabonsu ɗaya.

Na biyu, akwai yarjejeniyar ma'aikatan teku ta shekarar 2006, wadda ta ajiye ƙa'idar hutun sa'a 10 cikin kowace sa'a 24, da sa'a 77 cikin kwana bakwai. Ko an tauye ta, bara ya san akwai ta, shina da abin kafa hujja.

Na uku, akwai wurin kai ƙara. A reshen wasan da aka ɗauka a Ostareliya, wanda aka nuna cikin 2023, shugaban masu aikin waje ya shiga gadon wata ma'aikaciya tana barci, ba da yardarta ba. Masu ɗaukar hoto suka fitar da shi, shugabar hidima ta ta da kyaftin Jason Chambers cikin dare, ya sauke mutumin daga jirgi a daren, da safe ya kore shi, ko da ya ke babba ne cikin ma'aikata.

Yanzu mu juyo gida, zama laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Kowa ya san abin da ya same mu daga dajin Rugu. Cikin watan Fabrairu na 2020 aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, ƙauyuka da yawa suka watse, gwauraye da marayu suka cika garin Batsari. Daga nan dillalai mata suka sami kasuwa, suna kwasar 'yan mata zuwa aikatau a gidajen Katsina da Kano da Abuja. Kowane babban gida kuwa jirgi ne irin wancan, akwai babbar 'yar aiki, akwai kuku, akwai direba da maigadi, kowa shina neman fada wurin uwargida, wanda ya fi ƙanƙanta shi a ke takawa. Bambancin kawai, nan babu kyamara, babu mai shaida.

Ɗiyar ƙanwata ta yi wata takwas a wani gida cikin birni. Ita ke fara tashi, ita ke ƙarshen kwanciya, kuɗin aikinta kuwa hannun dillaliya su ke zuwa, ba ta taɓa sanin ko nawa ne ba. Da uwargida ta fara yaba mata, sai babbar 'yar aikin ta ga kamar za a ture ta, ta ce yarinya ta saci ɗan kunne. Ba a tambaye ta ba, ba a bincika ba, aka sa ta mota da ƙunshin tsummanta. Bayan mako biyu ɗan kunne ya fito, amma har yau ba wanda ya aiko da ban haƙuri, cikin unguwa kuwa sunan ɓarauniya ya riga ya bi ta. Ita ma babbar ban ɗora mata laifin duka ba, zama tsoron yunwa ya sa ta. Babban laifi shina ga wadda ta bar abinci da mutuncin barorinta suka rataya ga tsegumi.

Kada ku ce hukuma za ta gyara. Cikin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ta ware wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ashe ba ta shiga ɗakin girki. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta yi wa masu aikin gida yarjejeniya cikin 2011, ta ce a bayyana musu sharuɗɗan aiki, a biya su aƙalla sau ɗaya a wata, a ba su hutun sa'a 24 kowane mako. Takarda ce mai kyau, amma ba ta da ƙafar da za ta taka zuwa Runka ko Ruma sai mun ɗauke ta.

Saboda haka ga abin da ni ke roƙo. Iyaye, kada ku ba da yarinyar da ba ta balaga ba, ko da yunwa ta matsa. Wadda ta isa kuwa, kada ta tafi sai an yanka lada a gaban mai unguwa da shaidu biyu, an san gidan, an san sunan maigidan, kuɗi kuma su zo hannunta ko hannunku. Hakimai da dagatai, ku sa a rubuta sunan kowace dillaliya da kowace yarinya da ta fita da ita. Masu gida, ku faɗi lada da tukuici a fili, ku raba aiki kowa ya san nasa, kada ku yanke hukunci da bakin mutum ɗaya. Ku kuma samari, an ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi, amma wanga akwai ruwanku ciki. Kuɗin da za ku sa a waya don kallon kukan barar Turawa, ku kira ƙannenku da ke aikatau da su, ku tambaye su ko sun ci abinci, ko an biya su.

Wanda ya karanta wagga takarda shi karanta wa wanda bai iya ba. Wanda ya ga kuskure cikinta shi rubuto, zan amsa masa. Haza wasalam.