Ƙwan Ci Daban, Ƙwan Kwanci Daban

Kowace shekara da zarar ruwa ya sauka, ciyawa ta tsiro, sai zabi su fara saka. A Birchi da sauran ƙauyukan ƙasar Kurfi, har ya zuwa Dutsin-Ma, lokacin nan ne ƙwan zabi ke cika kasuwa ƙwarya-ƙwarya. Mai son kiwo ya saya, ya kai gida ya zuba wa kaza, don kaza ta fi zabuwa haƙurin kwanci. Ya yi ta jira har kwana 27 ko 28. Ran ƙyanƙyasa ya leƙa akurki, ya tarar rabi ma ba su fashe ba, saura duk baragurbi. Daga nan sai neman mai laifi. Wani ya ce kazar ce ba ta iya ba, wani ya ce tsawa ce, wani kuwa ya ce baki ne. Alhali kuwa sau da yawa ƙwan nan ya riga ya mutu tun bai shiga ƙarƙashin kaza ba.

Ga yadda abin yake. Ƙwan da namiji ya taka uwarsa abu ne mai rai. Tun ran da aka saka shi akwai ɗan ɗigo bisa gwaiduwa, shi ne zai zama tsako. In wuri da sanyi-sanyi, watau digiri 13 zuwa 18 a ma'aunin zafi, ɗigon nan barci yake yi. In zafi ya haura digiri 24 sai ya farka ya soma girma, ga shi kuwa bai sami cikakken ɗumin da yake bukata ba, wanda ya kai digiri 37 da rabi. Sai ya yi ta wahala har ya galabaita. To, a ƙasar Katsina zafin watan Afrilu kan wuce digiri 40, ko da damina ma da rana yakan kai 30. Masana kiwon kaji sun tabbatar ƙwan kwanci yakan soma rage ƙarfi in ya wuce kwana 7 a ajiye, ko da a wuri mai sanyi ne. Ina kuma ga wanda ke ɗakin kwano da bazara?

Yanzu a dubi tafiyar ƙwan kasuwa. Zabuwa ta saka a cikin ciyawa, ruwa ya doke shi, rana ta doke shi. Yaro ya tsinto bayan kwanakin da ba wanda ya ƙidaya. A ajiye shi sai ran kasuwa. Ɗan kasuwa ya haɗa na wannan gida da na wancan, ya ɗaura bayan babur, hanya ta yi ta girgiza shi. Sa'an nan a tsoma shi a ruwa don a ga mai nutsewa. Gwajin ruwa ya yi daidai ga ƙwan da za a dafa, amma ga na kwanci ɓarna ne. Ɓawon ƙwai yana da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, da wani siririn lulluɓi da ke tsare su. Ruwa na wanke lulluɓin, ya ja ƙazanta ciki.

Maganin abin ba na kuɗi ba ne. A riƙa kwashe ƙwai kullum, safe da yamma, a bar ɗaya ko biyu masu alama a gurbi don zabuwa ta koma. A ware mai tsaga, da mai kashi a jiki, da wanda ya cika ƙanƙanta ko girma, a kai su tukunya. Saura a rubuta musu kwanan wata da fensir. A jera su a kiret na kwali, ko cikin ƙwarya mai ƙaiƙayi, tsinin a ƙasa, faffaɗan kan a sama, don nan jakar iska take. A ajiye a ɗakin ƙasa mai inuwa, kusa da gindin randa, nesa da murhu. Wanda ya iya, ya bi dabarar Malam Muhammad Bah Abba na Jihar Jigawa, wadda ta sa aka ba shi lambar Rolex a 2000, watau tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani. Ta fi aiki lokacin da iska ta bushe. Amma fa kada ruwa ya taɓa ƙwan kansa.

Sai maganar juyi. Ƙwan da ya daɗe a gefe ɗaya, gwaiduwarsa takan taso ta manne wa ɓawo, tsakon ya mutu. In a kiret yake, a tokare gefe ɗaya da ɗan bulo da safe, da yamma a mai da bulon ɗaya gefen. In a kwance yake cikin ƙwarya, a yi masa alama, a riƙa birkita shi a hankali da hannu mai tsabta. Da bazara kada a wuce kwana 3 ko 4 ba a ba kaza ba, da damina kada a wuce 7.

Wani zai ce ai kaza kanta takan yi kusan mako biyu tana tara ƙwai kafin ta kwanta, kuma ta ƙyanƙyashe. Gaskiya ne. Amma kaza inuwa take nema, bisa ƙasa mai sanyi, kuma duk zuwan da ta yi sai ta motsa ƙwan da baki. Ba ta wanke shi, ba ta hawa babur da shi. Abin da ake roƙon manomi ke nan, ya yi wa ƙwai abin da kaza ke yi masa.

Babban nauyi kuwa yana kan 'yan kasuwa. Ya kamata ƙwan ci ya zama daban, ƙwan kwanci daban, kowanne da ƙwaryarsa da kuɗinsa. Wanda ya sayar da ƙwan mako uku da sunan na jiya ya ci amana, don ya jawo wa ɗan'uwansa asarar kuɗi, da wata guda na kaza, da zabin da zai sayar ya yi hidimar gida. Mai rubuta kwanan wata kuwa, ko ya ɗora wani abu a kan kuɗin, masu saye za su neme shi har gida baɗi. Ma'aikatan da ke sayen injin ƙyanƙyasa su ma su sani, inji ba ya ta da matacce.

Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011 tana da sashen koyar da aikin gona, ga kuma malaman gona na jiha. Da za su ratsa kasuwannin ƙauye a farkon damina da kiret ɗaya da fensir, su nuna wa mata da yara, tun da su ne masu kula da kaji, da an ga bambanci kafin kaka. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.