Turkawa na da hoton tufafin kakanninsu, mu fa?

A shekarar 1802 aka buga wani littafi a Landan mai suna The Costume of Turkey, ɗauke da zane sittin masu launi na Octavien Dalvimart. A ciki ga waziri, ga mufti, ga soja, ga matan fada na Daular Usmaniyya (ta Santambul nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba), kowa da rawaninsa da bayanin muƙaminsa. Baƙo ne ya zana su, da idon baƙo, amma daular ta rushe a 1922, littafin yana nan.

Kada mai karatu ya ɗauka labarin nesa ne. Tun a shekarun 1570 Mai Idris Aloma na Borno ya aika jakadu wurin Sarkin Santambul Murad na Uku, kuma ayarin fatake ya daɗe yana kawo mana kaya ta Tarabulus. Kaftani, har sunansa, daga can gabas ya iso mu. Jar dara kuwa 'yar'uwar hular nan ce da Ataturk ya haramta wa Turkawa a 1925, mu kuma ba mu tuɓe ta ba.

Abin da ke damuna, a matsayina na malamin harshe, shi ne mu suna muka adana ba siffa ba. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da sunayen riguna da saƙa, amma babu hoto ko ɗaya. Na tambayi ɗalibaina bambancin barage da tsamiya, aji ya yi tsit.

Kakana ya bar alkyabba da dara a cikin adaka a ƙauyenmu da ke wajen Kusasu. Ranar da 'yan bindiga suka tashi garin, wa zai tsaya ɗaukar adaka? Gwaggona, wadda ta san sunan kowane zare a jikin alkyabbar nan, ta rasu a gudun hijira.

Saboda haka nake roƙon Gidan Arewa da ke Kaduna da sassan Hausa na jami'o'inmu su tura ɗalibai da kyamara wurin tsofaffin da rikici ya raba da garuruwansu, a ɗauki hoton abin da suka tsira da shi, a rubuta sunansa daga bakinsu, da wanda ke sa shi, da ranar da ake sa shi. Mafi yawansu sun haura saba'in.