Wasiƙa Zuwa ga Masu Binciken Haɗarin Mota

Ya ku jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sandan sashen motoci,

Roƙona shi ne, in kun kwashe waɗanda suka jikkata, kada ku bari janwe ya taɓa mota ko matasan unguwa su tura ta gefe, sai kun zana da alli wurin da motocin suka gamu da wurin da suka tsaya. Direbobi za su yi ta rantsuwa, kowa a hankali yake tafe. Shatin taya a kwalta kuwa ba ya son kai.

Dalilin shi ne wata ƙa'idar fiziks. Kowace mota tana ɗauke da ƙarfin tafiya, wato nauyinta sau gudunta, kuma ƙarfin yana da inda ya dosa. A daidai lokacin karo jimillarsa ba ta raguwa, sai dai ta rarrabu. Abin da ya nufi gabas lissafinsa daban, abin da ya nufi arewa daban. Ko masani Descartes na Faransa ya yi tuntuɓe a nan cikin 1644, domin bai sa alkibla a lissafi ba, sai wajen 1668 masana Wallis da Wren da Huygens suka gyara zancen, Newton ya ɗora a kai cikin 1687.

A ce a mararraba ƙaramar mota mai kilo 1,000 ta nufi gabas, bas mai kilo 2,000 ta nufi arewa. Suka gwabza, suka sarƙe, suka zame arewa maso gabas, tsakiya cif. Ko direba bai buɗe baki ba, kun san ƙarfin biyun daidai yake, ke nan ƙaramar tana gudun da ya ninka na bas ɗin sau biyu. In sun zame mita 10 a busasshiyar kwalta, tayoyi a ƙulle, sun bar wurin karon da gudun kusan kilomita 42 a awa. Ku juya lissafin baya: ƙaramar tana kan 90, bas tana kan 45. Da a ce zamiyar ta fi karkata arewa, to gudun bas ɗin ya fi haka. Shi ya sa kusurwar nan take da tsada, kuma ita ce ta farko da take ɓata da zarar an ce a buɗe hanya.

Kada lotsewar gwangwani ta ruɗe ku. Bugun da bas ta yi wa ƙaramar daidai yake da wanda ƙaramar ta yi mata, wadda ba ta da ƙwari ita ce za ta fi ragargajewa, ko da laifinta ko babu.

Sai nauyi. Abin da ke rubuce a takardar mota ba shi ne ke kan hanya ba. Ku ƙirga fasinja, ku ƙirga buhuna, tun kafin masu kaya su kwashe abinsu. Buhun masara goma kaɗai ya kai nauyin ƙaramar motar nan. Ku rubuta ko kwaltar a jiƙe take, ko yashi ya rufe ta, don zamiya tana ƙaruwa. In motocin sun daki kwalbati ko turken lantarki kafin su tsaya, nisan zamiyar ba zai ba ku gudun gaskiya ba, sai ku dogara da kusurwar da suka ɗauka daga wurin karon. Wurin kuwa za ku gane shi da karcen ƙarfe a kwalta, da busasshiyar lakar da ta zubo daga ƙarƙashin mota, da inda shatin taya ya karye farat ɗaya.