Doki da takalmi ko doki ba takalmi: wa ke da gaskiya?

A wannan mako za mu ɗan huta da zancen siyasa da tsadar hatsi, mu sunkuyar da kai mu dubi inda ƙafar doki take sauka. Kada wani ya ce maganar ƙarama ce. Duk wanda ya taɓa fid da kuɗinsa ya sayi ingarma, ya wayi gari ana saura kwana uku Sallah ya iske shi yana ɗingishi, ya san ba ƙarama ba ce.

Abin da ya jawo zancen shi ne wata gardama da ta tashi a fadarmu ta shan shayi a nan Arlit. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya sayo akawal daga wajen Maradi, aka kawo masa shi cikin kamyo. Bai yi sati biyu a garin ba sai dokin ya fara taka ƙasa tamkar mai tafiya bisa garwashi. Wani tsohon ma'aikacin kamfanin haƙar uraniyom, wanda ya taɓa zuwa Faransa ƙaro ilimi, ya ce: «Alhaji, ai maganin a fili yake. A can ban ga doki ko ɗaya ba takalmi ba. A buga masa ƙarfe.» Wani dattijo Ba'abzine da ke zaune a gefen tabarma ya girgiza kai ya ce: «Alhaji, ka bar dabbar Allah yadda Allah ya yi ta. Mu da muka tashi cikin duwatsu ba mu taɓa buga wa doki ƙusa ba.»

Alhaji ya bi shawarar farko. Aka samu maƙeri ya lanƙwasa ƙarfen gini, ya kafe shi da ƙusoshin kafinta. Rana ta uku ƙafar gaba ta ɗau zafi, dokin ya ƙi aza ta ƙasa. Ranar Sallah Alhaji a mota ya tafi idi. Dattijo ya ce ai ya faɗa, tsohon ma'aikaci ya ce laifin maƙeri ne. Ni kuwa a ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya, ya saki rabi.

Bari mu fara da kofaton kansa. Kofato ɗan'uwan farce ne: daga sama yake tsirowa, inda gashi ya ƙare, yana sauka ƙasa a hankali, abin da bai kai santimita 1 a wata ba. Kafin ya sabunta gaba ɗaya sai an kusa shekara. Ba kuma dutse ba ne, yana da rai. In doki ya taka, dunduniyar takan ɗan buɗe. In ya ɗaga ta koma, wannan motsi kuwa yana taimaka wa jini ya zagaya cikin ƙafa. Lissafin duka guda ne, kuma ɗan kasuwa zai fi kowa gane shi: abin da ke shigowa da abin da ke fita. Idan abin da ƙasa ke ci daidai yake da abin da ke tsirowa, doki ba ya bukatar kome. Idan ƙasa ta fi ci, tafin ya siraice, ciwo ya zo. Idan tsiro ya fi yawa, kofato ya yi tsawo, ya karkace, ya tsage.

Turawa ba don ado suka ƙago takalmin doki ba. Ƙasarsu mai damshi ce, laima tana tausasa kofato, ga hanyoyi na shimfiɗaɗɗen dutse, ga kaya masu nauyi. Rumawa sun fara da wani takalmin ƙarfe da ake ɗaurawa da igiya, daga baya aka koma na ƙusa, wanda ya game Turai wajen shekara ta 1000. A ƙasar Hausa da Abzin kuwa, rana da busasshiyar ƙasa su ne maƙeran kofato. Dawakin Gobir da na Katsina da na Damagaram sun yi yaƙi, sun yi fatauci, sun yi hawan Sallah da kofatonsu na haihuwa. Dokin Bagazam da ake yi wa kirari, wanda ya samo sunansa daga dutsen nan na Abzin mai tsayin sama da mita 2000, bisa duwatsu yake girma, shi ya sa ƙafarsa ta zama abin misali.

Abin mamaki, gardamar fadarmu tana nan da ranta a ƙasashen Turawa. Tun 1809 wani likitan dabbobi na Ingila, Bracy Clark, ya rubuta cewa takalmin ƙarfe yana matse ƙafa yana hana ta buɗewa. A 1992 wani mai gyaran kofato na Amurka, Jaime Jackson, ya fitar da littafi bayan ya yi shekaru yana nazarin ƙafafun dawakin daji, mutane da yawa suka bi shi suka cire wa dabbobinsu ƙarfe. A wasannin Olimpik na Tokyo da aka yi a 2021, ƙasar Suwidin ce ta ci zinariya a tsallen dawaki na ƙungiya, biyu daga cikin dawakinta uku kuwa ba takalmi suka yi tsallen. Wato abin da kakanninmu ke yi ba su ba shi suna ba, yau shi ake koyarwa da kuɗi a Turai.

To, amma kada dattijonmu ya yi saurin tafi. Dawakin Tokyo bisa rairayin da aka tace aka daidaita suka yi gasa, ga masana na duba ƙafafunsu a kai a kai. Dokin Bagazam kuma yini yake yana tafiya neman ciyawa da ruwa, dutse na goge masa kofato kaɗan-kaɗan. Shin haka dokin Arlit yake rayuwa?

Arlit ba garin doki ba ne tun asali. Garin uraniyom ne da aka kafa a 1969 saboda mahaƙar SOMAIR, Akokan ya biyo baya saboda COMINAK, wadda ta fara aiki a 1978 ta rufe a 2021. Ba mu da rairayin Maradi mai laushi, sai fako da tsakuwa mai kaifi da kwalta. Dokin da ke nan yawanci baƙo ne daga kudu, ƙafarsa yashi ta sani. Da ya iso sai a ɗaure shi a turke cikin lungun gida, ya yini ya kwana tsaye cikin fitsarinsa, tafin kofato ya yi taushi, ya ruɓe, ya yi wari. Ba ƙilisa, ba gyara. Ranar biki a ɗora masa sirdi da jalala da mahayi mai jiki, a ce ya yi sukuwa bisa kwalta. In ya gaza a ce dokin banza ne. Wannan ba al'adar kakanni ba ce, sakaci ne muka sa wa rigar al'ada.

Shi ma tsohon ma'aikaci ya manta da babban abu. Abin da ya gani a Faransa ba ƙarfe kaɗai ba ne, sana'a ce da ake koyo shekara da shekaru. A Ingila ma, tun dokar 1975, wanda ba shi da rajista ba shi da izinin buga wa doki takalmi. Dalili kuwa, wurin da ƙusa za ta bi wani ɗan siririn layi ne fari tsakanin bangon kofato da tafinsa. Ƙusar doki ta musamman ce, an fiƙe bakinta ta gefe guda don ta karkata waje ta fito ta bango. Ƙusar kafinta kuwa miƙewa take, ta taɓa nama mai rai. Daga nan sai mugunya, sai gurgunta, wani lokaci har ciwon tetanos mai sandarar da jiki, wanda doki yana cikin dabbobin da ya fi saurin kashewa. Daɗin daɗawa, takalmi yana hana kofato gogewa, saboda haka dole a cire shi, a yanke, a mayar duk bayan sati 6 zuwa 8. Wanda ba zai iya wannan hidima ba, kada ya fara. Ga kuma santsi: ƙarfe bisa kwalta abokin faɗuwa ne.

Akwai wani hatsari da ya keɓanta da garuruwanmu. Maƙeranmu da tarkacen ƙarfe suke aiki. A 2003 masu binciken CRIIRAD na Faransa, da suka zo bisa kiran ƙungiyar Aghir in'Man ta Arlit, sun tarar da tarkace masu ɗauke da burbushin uraniyom a cikin gari, ƴan Greenpeace ma suka sake samun irinsu a kasuwa a 2009. Ƙarfen da ba a san asalinsa ba, bai cancanci a sa shi cikin wuta ana zuga ana shaƙar hayaƙinsa ba, balle a kafe shi a jikin dabbar da yaran gida ke wanka da ciyarwa.

Ina matsayina ke nan? Dokin hawa a ƙasarmu, asalinsa ya zauna ba takalmi, amma da sharaɗi. Na farko, barga ta bushe, a share ta safe da yamma, a kuma zuba duwatsu masu sulɓi a wani gefe inda zai riƙa tsayawa. Wannan shawara ce da Zenofon, jarumin ƙasar Girka, ya bayar sama da shekara 2300 da suka wuce, har yau ba ta tsufa ba. Na biyu, ƙilisa kullum, a fara da ƙasa mai laushi, a ƙara tsakuwa sannu-sannu, domin ƙafar da ta saba da yashi watanni take bukata kafin ta yi tauri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, a ɗaga ƙafa kowace rana a fid da tsakuwar da ta maƙale, kuma kusan duk wata a daidaita gefen da magagari.

Dabbar aiki kuwa hukuncinta daban. Doki ko jakin da ke jan amalanken ruwa da itace daga safe har la'asar tsakanin kasuwa da Bukkoki, ƙasa tana cin kofatonsa fiye da yadda yake tsirowa. A ce wa mai shi ya bar dabbar Allah yadda Allah ya yi ta, zalunci ne ga dabbar, asara ce ga iyalin da ke ci daga guminta. Irin wannan yana bukatar kariya: ko takalmin ƙusa daga hannun wanda ya iya, ko kuma takalmin ɗaurawa da ake sa wa lokacin aiki a cire da maraice. A Turai da roba ake yin irinsa, ana sayarwa da tsada. Dukawan Agadas da suka shahara da aikin fata da sirdin raƙumi, me zai hana su gwada shi da fata da tsohuwar taya?

Nan ne ma'aikatanmu ke da abin yi. Ana yi wa dabbobi allurar rigakafi kowace shekara, madalla, amma wa ke koyar da gyaran kofato? Da ma'aikatar kiwo da magadan gari za su tara maƙera da masu amalanke su ba su horo na ƴan makonni, a samar musu da ƙusoshin doki na ainihi da wuƙar kofato da magagari, da an rage gurguntar dabbobi, an kuma buɗa wa samari sana'a a garin da ayyukan mahaƙa suka ragu. Ƴan kasuwarmu da ke shigo da kaya daga Aljeriya da Najeriya, kwalin ƙusar doki ba zai cika musu mota ba.

Akawal ɗin Alhaji fa? An cire ƙarfen, likitan dabbobi ya buɗe wurin mugunya ta fita, ya yi masa allura. Watanni aka ɗauka kafin ramukan ƙusa su sauko a yanke su. Yanzu kowace asuba yaron barga na fita da shi bayan gari, ba takalmi. Dattijo da tsohon ma'aikaci kuwa har gobe ba su shirya ba, sai dai na lura duk wanda ya zo gaida Alhaji a cikinsu, sai ya sunkuya ya ɗaga ƙafar dokin ya duba kafin ya zauna.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.